Abin Da Lambun Gida Ke Koya Wa Mai Shi

 Ya ku 'ya'yana da jikokina, samari da 'yan mata, na birni da na ƙauye, ina so in yi muku nasiha a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinku za su ga ƙanƙantarsa, watau ɗan lambun nan da ake yi a cikin gida, na zogale da kuɓewa da alayyaho da tattasai, wanda iyayenmu mata suka riƙe shekara da shekaru a gefen rijiya ko a gindin katanga, ba tare da sun taɓa kiransa sana'a ba. Abin da nake so ku fahimta shi ne, duk yaron da aka danƙa wa fangali guda, aka ce shi ne mai ba shi ruwa safe da yamma har abin da ke ciki ya isa ci, to an sa shi a makarantar riƙon amana wadda samun irinta ke da wuya, domin kuwa shuka ba ta jin uzuri, ba ta karɓar rantsuwa, ba a kuma rarrashinta da daɗin baki. Abin da aka yi mata shi take nunawa, a kan lokacinta, a gaban kowa.

Farkon abin da mai lambu zai yi mu'amala da shi ita ce ƙasa, a nan ne kuwa akasarin masu ɗoki suke karaya, saboda aikin ƙasa yana da nauyi, ga shi kuma ba shi da abin nunawa. Sai mutum ya sa fartanya ya kafce wurin, ya farfasa hoge, ya tsince tsakuwa da fasassun kwalabe da tsofaffin ledojin da suka daɗe a binne, sa'an nan ya kawo taki ya cakuɗa da ƙasar, ya jiƙa ta, ya bar ta ta kwana biyu kafin ya zuba iri. Takin ma ba kowane ba. Kashin awaki ko na shanu wanda ya daɗe a juji har ya ruɓe, ya yi baƙi, zafinsa ya fita, shi ne abincin shuka. Amma ɗanyen kashin kaji, in aka zuba shi a gindin ɗan tsiro, ƙone masa saiwa zai yi kafin ya amfane shi da kome. Manoman karkarar Kano sun shahara tun zamanin da da noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun hutar da ita ba, asirin abin kuwa shi ne jakunan da suke yini da rani suna jigilar taki a mangala daga cikin birni zuwa gonaki, tun ba a ga alamar hadari ba. Wanda ya wuce ta wajen gonar da damina zai yaba kyan gero, ba zai tambayi wanda ya sha ƙurar juji a watannin rani ba. To yaron da ya saba da irin wannan aiki, wanda ake yinsa babu mai kallo balle mai yabo, ya fara ɗanɗana ikhlasi tun bai san sunansa ba, kuma in ya girma ba zai ga nauyin bitar karatu cikin dare ba, ko gyara lissafin kuɗin da aka ba shi ajiya alhali babu mai bincikarsa.

Sa'an nan sai sanin lokaci, domin Allah cikin hikimarsa ya ba kowace shuka nata zamani, wanda ba ta yarda a gabatar da shi ko a jinkirta shi saboda son ran mai ita. Tumatir da albasa da latas da karas sanyin hunturu suke so, shi ya sa masu noman rani suke renonsu da ƙarshen damina ko cikin kaka. In kuwa aka bari zafin bazara ya riski tumatir yana fure, sai ka ga furen yana kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba, kome yawan ruwan da aka ba shi. Kuɓewa da rama da yakuwa da kabewa kuwa su zafi da damina ne ƙawayensu. Haka kuma tsawon jiran ya bambanta: alayyaho yakan isa yanka cikin kamar wata guda, kuɓewa ta fara 'ya'ya wajen wata biyu, gwanda ta ɗauki kusan shekara, mangwaron da aka shuka daga ƙwallo kuwa sai an ba shi shekara biyar ko fiye. Malamai sun kasa haƙuri gida uku, haƙuri a kan ɗa'a, da haƙuri ga barin saɓo, da haƙuri a kan musiba, haƙurin mai lambu kuwa ya fi kusa da na farko, gama ba naɗe hannu yake yi yana jira ba, jira yake yi da guga a hannu. Ina ganin babu abin da ya fi cutar da samarin wannan zamani kamar gaggawa, inda yaro zai shiga koyon sana'a yau, jibi ya ce ya iya, ko ya fara kasuwanci da ɗan jari kaɗan yana auna kansa da wanda ya shekara talatin a rumfa. Wanda ya taɓa jiran gwanda tun tana ganye biyu har ta nuna ya riga ya san cewa akwai abubuwan da himma ke kyautata su amma ba ta gajarta musu kwana, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Amma ƙashin bayan al'amarin duka shi ne ban ruwa, a nan ne kuma nake so ku tsaya ku yi tadabburi. Ku dubi fangalin alayyaho a tsakiyar bazara, a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. In mai shi ya tashi bayan sallar asuba ya ba shi ruwa, ya sake leƙa shi bayan la'asar, za ka ga ganyen a miƙe, kore shar. In ya yi sakaci kwana biyu, sai ganyen ya sunkuyar da kai tun kafin azahar, bakinsa ya naɗe, ƙasar gindinsa ta tsattsage. In ya kai kwana huɗu ko biyar, to ko da ya zo ya kwarara masa randa guda don ya biya bashin kwanakin da ya tsallake, abin da ya mutu ya mutu, wanda ya farfaɗo kuwa ba zai koma kamar da ba. Ban ruwan ma yana da ladabinsa. A gindi ake zubawa, a hankali, har ruwan ya nutse ya kai zurfi, domin saiwa bin ruwa take yi. Wanda yake yayyafawa sama-sama kullum zai tarar saiwar shukarsa ta tsaya a fuskar ƙasa, rana guda ta zafi ta isa ta kayar da ita. Wanda kuma ya wuce haddi saboda tsananin so, ya mai da gindin tattasai taɓo, zai ga ganyen yana yin ɗorawa yana zubewa, domin saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Ma'aunin da tsofaffin masu lambu ke amfani da shi kuwa ɗan yatsa ne: a tura shi cikin ƙasa, in akwai danshi a dakata, in ta bushe a ba ta. Masu lambun fadama da suke ɗaga ruwa da jigo kafin zuwan injin ban ruwa, guga bayan guga tun sanyin safiya, su ne suka fi kowa sanin cewa ruwan yau ba ya isar wa gobe. Ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ya ƙaranta, ban kuwa ga wurin da ake ganin gaskiyar wannan da ido ƙuru-ƙuru kamar lambu ba. Hadda, da zumunci, da kula da iyaye, da tsare salla a kan lokacinta, duk da wannan hali guda ake riƙe su, wanda kuma ya same shi a wajen ban ruwa ba zai rasa shi a wajensu ba, in sha Allahu.

Akwai kuma wani aiki da yake yi wa sabon mai lambu wuya a zuciya fiye da a jiki, shi ne rage tsiro. Mutum ya jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa, ya sa ƙwaya uku ko huɗu a rami, bayan 'yan kwanaki duk suka fito, kowanne gwanin sha'awa. Sai wanda ya sani ya ce masa ya cire, ya bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi. Hannu yakan yi nauyi a nan, amma in aka bar su duka sai su yi ta kokawar abinci da haske, su tashi sirara, dogaye, marasa 'ya'ya. Haka zogale, in aka ƙyale shi sai ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannu, ganyensa kaɗan; sai an sare masa kai yake fitar da rassa ya cika da ganye. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya ga amfaninsa ya koyi tadbiri, ya kuma san cewa ƙarfin mutum da lokacinsa suna da iyaka, kuma saurayin da ya kama sana'a huɗu a shekara guda, ko ɗalibin da ya buɗe littafi biyar bai sauke ko ɗaya ba, barin wasu ne zai cece shi.

Game da ciyawa kuwa, misali guda zan ba ku, ku riƙe shi. Akwai wata ciyawa da ake kira aya-aya, mai siririn ganye, wadda take da 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa haɗe da juna da zare. In ka tsinke ganyenta ka bar ƙwayar, kafin mako ya zagayo ta sake fitowa. In ka sa fartanya ka daddatsa ta, kowane guntu mai ƙwaya sai ya zama sabuwar ciyawa. Maganinta shi ne a tono ta tun tana ƙarama, lokacin da ƙasa ke da laushi, a bi zaren har a fitar da ƙwayar, a kuma dawo a duba, domin da wuya a gama da ita a karo guda. Mugun hali haka yake a zuciyar ɗan Adam. Ƙaramar ƙaryar da yaro ya yi don ya kuɓuta daga faɗa, da ɗan canjin da ya ɓoye in an aike shi, da hassadar da ya ji ya yi shiru da ita, duk suna da sauƙin cira a farkonsu. In suka shekara kuwa sai sun yi zare a ƙarƙashi, mai su ya daina a gaban mutane ya koma a ɓoye, har ya fid da rai da gyaruwa. Kada ku fid da rai, amma kuma kada ku jinkirta, ku riƙa yi wa kanku hisabi kafin ku kwanta.

Lambun gida kuma yana haɗa mutum da maƙwabtansa ta hanyar da ba ya zato, mafi yawa ta dalilin akuya da kaji. Babu mai lambun da bai taɓa wayar gari ya tarar an yi masa ɓarna ba, a nan ne kuma ake gane wanda ya mallaki fushinsa. Shari'a ba ta bar wannan babi ba hukunci. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin taguwar Barra'u ɗan Azibu wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke cewa tsare gona da rana yana kan mai gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa ramuwarsa tana kan masu dabbobin. Ku dubi adalcin da ke cikin wannan hukunci, yadda aka ɗora wa kowa rabonsa na kulawa. Saboda haka kafin ka ɗaga murya a ƙofar gidan maƙwabcinka, fara duba dangarka, ka ga ko karan ya ruɓe, ko ƙayar magaryar da ka jera ta zame. In laifin nasa ne, je ka same shi da sallama da lafazi mai taushi, domin kuɓewar da akuya ta ci za ta sake tohowa ko a sake shuka wata cikin mako guda, maƙwabtakar da harshe ya ɓata kuwa takan ɗauki shekaru ba ta ɗinku ba.

Duk da haka, ya ku 'ya'yana, kada wani ya zaci cewa wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa duka ya sami tabbacin girbi. A shekarar 2016 wata ƙaramar tsutsa mai shiga cikin ganye da 'ya'yan tumatir ta auka wa lambunan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa, alhali manoman da abin ya shafa gwanaye ne waɗanda suka gaji aikin. Dattawanmu kuma ba su manta farin 1973 ba, lokacin da aka yi shuka a ƙasar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar, ruwa ya ɗauke, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka hallaka. Mai lambu yana ganin ƙaramin wannan a gidansa kowace shekara: gara ta ci saiwa, iska ta karya gwanda tana ɗauke da 'ya'ya, ƙanƙara ta sauka ta farfasa ganye. A nan ne yake koyon bambanci tsakanin sababi da sakamako. Kafta da taki da ruwa da danga nasa ne, za a kuma tambaye shi in ya yi sakaci da su. Ya barbaɗa toka a ganye, ya jiƙa dakakkun 'ya'yan dalbejiya ya yayyafa ruwansu don korar ƙwari, ya guji maimaita tumatir ko tattasai ko gauta a gurbi ɗaya shekara bayan shekara, tun da dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya, ya sa wake ko gyaɗa a tsakani domin su suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya kuma shuka iri-iri don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Amma tsaga ƙwaya da fitar da tsiro daga cikinta ba aikinsa ba ne, bai kuma taɓa zama aikinsa ba. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratul Kahfi na mutumin da aka ba gonaki biyu na inabi kewaye da dabino, ya shiga cikinsu yana jiji da kai, yana zaton ba za su taɓa ƙarewa ba, sai aka wayi gari ya rasa su yana nadama. Wanda ya fahimci wannan, in lambunsa ya yi kyau ba ya ujubu, in ya lalace ba ya yanke ƙauna. Yakan ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki fartanya ya sake kafcewa. Wannan shi ne tawakkali na gaskiya, kuma za ku bukace shi ranar da za ku faɗi jarrabawar da kuka yi wa shiri, ko kasuwa ta juya muku baya ba da laifinku ba.

In Allah ya kawo amfani kuwa, sai wata jarrabawar ta daban ta taso. Kayan lambu ba sa jira: kuɓewa in ba a tsinke ta duk bayan kwana biyu ko uku ba sai ta tsufa ta yi ƙarfi, uwar kuma ta rage haihuwa, alayyaho in aka bar shi sai ya yi kai ya daina ganye. Gida ɗaya ba ya iya cinye abin da ɗan lambu mai kyau ke bayarwa a tsakiyar lokacinsa, sai dai a yanka a shanya wani don rani, a kuma cika ƙwarya a ba yaro ya kai gidan maƙwabta. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa hatsi irin su gero da dawa, in sun kai nisabi, ana fitar da ushiri daga wanda ruwan sama ya shayar, da rabin ushiri daga wanda aka shayar da wahalar ban ruwa, amma kayan miya da ganyaye babu zakka a cikinsu. Ashe ke nan abin da mai lambu ya bayar babu wanda ya wajabta masa, kyauta ce tsantsa wadda take nuna abin da ke cikin zuciyarsa. Ku tuna da masu gonar nan da aka ambata a Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla za su yi sammako su girbe amfaninsu a asirce don kada miskini ya shigo musu, suka iso suka tarar babu abin girba. Ku tuna kuma da Abu Ɗalha, wanda gonar dabinonsa mai suna Bairuha'u, da ke fuskantar masallacin Madina, ita ce mafi soyuwar dukiyarsa gare shi, ya bayar da ita sadaka, aka umarce shi ya raba ta ga danginsa. Ya kuma inganta a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce a gare shi. Yarinyar da ta tashi tana kai wa tsohuwar unguwarsu ganyen zogale ba za ta iya cin abinci ta rufe ƙofa ba in ta yi gidan kanta.

Daga nan sai ajiyar iri, wanda shi ne alamar mai hangen nesa. Uwar gida mai hankali takan zaɓi kuɓewa mafi kyau a jikin uwa mafi lafiya, ta hana kowa taɓa ta, ta bar ta ta bushe a tsaye har ta fara tsagewa, sa'an nan ta fasa ta, ta gauraya ƙwayoyin da toka, ta zuba a ɗan gora ta toshe bakinsa ta rataye. Mafi kyawun abin da ta samu shi ta hana wa bakinta saboda baɗi. Mafi girma daga wannan shi ne dasa itace, domin mai dasa mangwaro ko dabino ko tsamiya sau da yawa waninsa yake dasa wa. Salmanul Farisi ya fanshi kansa daga bauta da dasa dabino ɗari uku, sahabbai suka tara masa 'ya'yan dashe, Manzon Allah da kansa ya sa hannunsa mai albarka ya dasa su. An kuma ruwaito umarninsa cewa ko da Alƙiyama ce za ta tsaya alhali ɗan dashe yana hannun mutum, in yana da iko ya dasa shi. Kowane ɗayanku ya sha inuwar itacen da bai san wanda ya dasa ba, wannan kuwa bashi ne da ba a biyansa sai ga na baya.

Na san wani zai ce shi ɗan makaranta ne, riƙe fartanya bai dace da shi ba, wani kuma ya ce gidan haya suke, tsakar gidansu siminti ne. Ga na farko ina cewa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, malami ne mai tarin wallafe-wallafe, amma ya yi rubutu a kan falalar neman halaliya da hannu, ya kuma zaunar da jama'a a garuruwan ribaɗi yana kwaɗaitar da su noma da sana'a. Ilimin da ke sa mai shi ƙyamar ƙasa akwai gyara a cikinsa. Albasar Galmi ta ƙasar Nijar, wadda ake lodinta har Gana da Kwaddibuwa, da albasar Aliero ta jihar Kebbi, duk daga fangali suke farawa, a hannun mutanen da suka koyi aikin tun suna yara. Ga na biyu kuwa ina cewa, tsohon buhu ko fasasshen bokiti ko tukunyar da ta tsage, in aka huda gindinsu aka cika su da ƙasa da taki, sun isa su riƙe tattasai ko tumatir ko alayyaho, ruwan alwala da na wankin hatsi kuwa, wanda kullum ake zubarwa a kwata, ya isa ya shayar da su. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira ga ma'aikata da 'yan makaranta su shuka abinci a duk filin da suka samu. Shirin ya yi zamaninsa ya wuce, kamar yadda shirye-shiryen hukuma kan wuce, amma gidajen da suka mai da abin ɗabi'a ba su daina cin moriyarsa ba, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka shawarata gare ku ita ce ku fara da kaɗan, abin da kuka tabbata za ku iya riƙewa, ko da buhu biyu ne na alayyaho da sandar zogale guda da aka yanko aka kafa a gefen makwarara. Ku nemi tsoho ko tsohuwa a unguwarku wanda ya san aikin, ku durƙusa ku gaishe shi, ku tambaye shi lokacin shuka da irin da ya dace da ƙasarku, domin ilimin da ke ƙirjinsu ba a rubuce yake ba, kuma suna murna da mai tambaya. Ku sa wa ban ruwa lokaci tsayayye, ku ɗaura shi da sallar asuba ko ta la'asar don kada ku manta. In tafiya ta kama ku, ku danƙa shi a hannun wani da bayani filla-filla, in kun dawo ku gode masa da abin da lambun ya bayar. In na farko ya mutu ku binciki dalili ku sake shukawa, in ya yi kyau ku fara kai wa iyayenku kafin ku kai bakinku. Ku kuma ja ƙannenku a jiki, ku ba kowannensu shukarsa da sunansa, ku bar shi ya ɗauki nauyinta da kansa. Wanda aka jarraba shi da ɗan tsiro aka same shi mai amana, ana kyautata zaton za a same shi haka ranar da aka danƙa masa iyali, ko aji na ɗalibai, ko dukiyar jama'a. Allah ya yi muku albarka, ya sanya albarka a hannuwanku da abin da suka shuka, ya ba ku istiƙama a kan ƙaramin alheri da babbansa, amin.